Yayana Mai Rakiyar Tumatir da Baƙonsa na Kudu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Yayana ya riga ni kama hanya, kamar yadda ya saba. A farkon tsinkar tumatir na ranin bana Allah ya karɓi abinsa, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Da hantsi ya cika, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke bayan babban kanal na ban ruwa.

Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa ina kallon jama'a. Na san manoma za su zo daga Kura da Bunkure da Madobi, don da wuya ka sami wanda bai taɓa ɗora kwandonsa a motar da Yaya ya raka ba. Waɗanda ban yi tsammani ba su ne direbobi. Manyan motoci suka jeru a bakin hanya har masu babur suna neman wurin raɓawa. Wani tsohon direba ya durƙusa a gabana, ya yi addu'a, muka shafa, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe kukan ne ya haɗu da dariya.

"Ku yafe ni, Malam," ya ce, "tunowa na yi. Baba ba ya barin mutum ya yi tuƙi cikin kwanciyar hankali. Duk garin da muka shiga sai ya ce, 'Direba, nan ina ne? Me suke ci? Yaya suke gaisuwa?' In na ce ban sani ba, sai ya ce, 'Kullum kana wuce mutane, ko sannu ba ka iya ce musu ba. Kai da kwandon da ke bayan motar nan duk ɗaya.'"

Ardon rugar da ke gefen gonakinmu ma ya zo, ya jingine sandarsa, ya yi mana gaisuwa. Da zai tashi ya ce a duk Hausawan yankin nan Yaya ne kaɗai ya taɓa tambayarsa sunayen shanunsa, kuma ya riƙe. Daga cikin gida kuwa ina jiyo ƙanwarmu, wadda ta shafe rayuwarta tana ƙaryata labaran Yaya, tana ce wa mata, "Yanzu wa zai riƙa yi mana ƙarya mai daɗi?"

Ranar sadakar uku motar kwanduna ta iso. Ga wanda bai sani ba, kwandunan da muke zuba tumatir ba a nan ake saƙa su ba. Daga Kudu ake kawo su, daga ƙasar Ibo, an cusa wani cikin wani har su yi tsiri a kan mota. Wanda yake kawo na yankinmu ɗan wani tsoho ne masaƙin kwando, aminin Yaya. Mu a gida Mai Kwando muke ce masa. Magidanci ne, har furfura ta fara fito masa, kuma kowane rani a gidanmu yake sauka, a ƙaramin ɗakin da ke gefen zaure.

Ya taho da jarkar manja a kafaɗa, tun daga nesa yana cewa, "Baba, na iso, a fito da furata." Da ya karyo kwana ya ga tabarmi da mutane, sai ya tsaya. Ya ajiye jarkar a hankali.

"Baba Ƙarami," ya ce da ni, "ina Baba?"

Na gaya masa. Bai hau tabarma ba, a ƙasa ya zauna, ya ɗora hannu a ka, ya yi kuka da murya irin wanda namiji ba ya yi a wajenmu. Wasu suka fara kallon juna. Liman ya ce a ƙyale shi, kowa da yadda baƙin ciki yake fitar masa.

Da ya natsu ya yi mana gaisuwa yadda ya kamata, amma bai buɗe ɗakin ba. Ya ɗauki jakarsa ya ce zai kwana a kasuwar Kadawa, wajen kayansa. Na ce ga ɗakinsa nan. Ya ce, "Mai ɗakin ba ya nan, Baba Ƙarami." Ya tafi.

Bayan sadakar bakwai babban ɗan Yaya ya same ni. Mutum ne mai hankali, shi yake riƙe da gonar mahaifinsa. Ya ce yana so ya mayar da ɗakin gefen zaure wurin ajiye taki da injin ban ruwa, don a waje suke kwana.

"Baffa, ku ma kun sha faɗa," ya ce, "ɗakin nan duk damina zaman banza yake. Shi ma baƙon ga shi ya gane da kansa."

Gaskiya ya faɗa, na sha faɗa. Ɗakin kuma a sashen magada yake, ba ni da ikon hana shi. Na ce ya ba ni 'yan kwanaki. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun daga ranar: in aka zuba taki a ɗakin nan, zumuncin da Yaya ya ƙulla tsakanin gida biyu ya bi shi kabari. Karatuna bai wuce na allo da na yaƙi da jahilci ba, amma na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da mutumin nan, da yadda maganar ɗakin ta ƙare, don jikoki su san wanda suka rasa.

Yaya ɗan rakiya ne. Manoma sukan haɗa kwandunansu a mota guda, kowa ya yi wa nasa alama da fenti ko tsumma, a jera su hawa-hawa da katako a tsakani don kada na sama ya danne na ƙasa. Sai a ɗora mutum ɗaya amintacce ya bi kayan zuwa Kudu, ya sayar, ya dawo wa kowa da haƙƙinsa. Tumatir ba ya jira, saboda haka tafiya ake yi ba tsayawa sai don salla da shan mai. Yawancin 'yan rakiya barci suke yi a hanya. Yaya kuwa idonsa biyu, bakinsa kuma ba ya hutawa.

In ya dawo, bayan ya sallami manoma, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, mata su taru a bayan ƙofa. Shi ya fara gaya mana cewa a ƙasar Gwari mata ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa. Ya ce ya tambayi wata tsohuwa dalili, ta ce kai ya riga ya ɗauki nauyin tunani, ba a ƙara masa itace.

"Ƙarya kake, Yaya," in ji ƙanwarmu daga bayan ƙofa. "Da wane yaren ka tambaye ta?"

"Da hannu."

"Ita kuma ta ba ka amsar nan mai tsawo da hannu?"

"Ke da ba ki taɓa wuce Kwanar Dangora ba, ina za ki san abin da hannu ke iya faɗa?"

Ya ba mu labarin Lakwaja, inda manyan koguna biyu suke haɗuwa, kowanne da launin ruwansa, su jera suna tafiya kafin su gauraya. Ya ba mu labarin manoman doya da suke tara ƙasa ta kai ƙugun mutum saboda doya guda. Ya ce da ya gaya musu mu sai sama ta ɗauke muke shuka tumatir, kuma layi muke bi mu sami ruwa daga kanal, sai suka ce lallai mutanen Arewa akwai son wahala. Ya taɓa riskar jana'izar wani tsoho ana kiɗa ana rawa, abin ya dame shi har ya tambaya. Aka ce masa tsohon da ya ga jikokinsa, godiya ake yi a kansa. Da yake ba mu labarin sai ya ce, "Na leƙa fuskar babban ɗan mamacin yana tsakiyar rawar. Idonsa irin na kowane maraya ne."

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da saurin fushi, kuma in ya sami wurin hira ya kan ƙara kwana a hanya, manoma na nan suna zuba ido. Ranar da layin ruwa ya zo kan gonarsa sau da yawa ba ya gari, ni nake barin tawa in shiga tasa da fartanya ina buɗe kwami don ruwa ya shiga shukar. In ya dawo kuma, maimakon ya yi mini sannu, sai ya miƙo mini wani irin tsiro ya ce in dasa a bakin kanal. Haka muka dasa kwakwar manja wadda ta yi tsayi ba ta taɓa yin 'ya'ya ba, da wani ganyen miya da awaki suka cinye tun bai yi reshe ba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan.

Haɗuwarsa da tsohon masaƙin kwando tun 'ya'yansa suna ƙanana ne. Motarsu ta lalace a gefen wani ƙauye kusa da Anacha a ƙasar Ibo, ga ruwan sama, ga tumatir ya fara laushi. Suna sauke kwanduna don rage wa motar nauyi, sai wani mutum ya fito daga cikin itatuwa ya tsaya yana kallo. Ya matso, ya tsuguna, ya shafa gindin wani kwando, ya bugi ƙirjinsa. Ya je na biyu, ya sake bugun ƙirji. Direba ya ɗauka rigima ce. Aka samo wani mai jin Hausa, sai ya ce mutumin cewa yake wannan saƙarsa ce, ya gane ƙullin da yake yi a gindi. Shekara da shekaru yana saƙa kwando ana tafiya da shi Arewa, bai taɓa ganin kwandonsa ya dawo cike ba, bai kuma taɓa ganin mutanen da suke cika shi ba.

Mutumin nan ya aika aka kirawo matan kasuwa daga garuruwan kusa, suka saye tumatir ɗin kafin ya lalace. Ya kai Yaya da direba gidansa suka zauna har aka gyara mota. Manomanmu ba su yi asarar da suka yi tsoro ba. Tun daga nan, duk sanda Yaya ya kai kaya Anacha, a gidan nan yake sauka.

Sau ɗaya na taɓa bin sa a wancan zamani, ina da ƙarfina. Da muka isa gidan aka ba mu kujeru a rumfa, maza suka taru. Mai gidan ya fito da ɗan akushi da goro biyu a ciki, irin wanda muke ce wa hannun ruwa. Ya miƙa wa Yaya. Yaya ya taɓa da yatsa ya miƙo mini. Ni kuwa Bakano, an ba ni goro, me zan yi? Na ce na gode, na kwashe duka biyun na zuba a aljihu, na mayar da akushi.

Wani tsoho ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Fito da su," Yaya ya ce a hankali. "Ba tsaraba ba ce. Da su za a buɗe zama."

Ashe a wajensu goro zagayawa yake yi, kowane baƙo ya taɓa ya ga an karrama shi, sannan ya koma hannun mai gida, ya yi addu'a a kai, ya fasa, a raba kowa ya ci. Kafin nan ba a fara wata magana. Na laluba aljihu na fito da su, ɗaya har ya kwaso zare da ɓawon gyaɗa. Mai gidan ya fara dariya, rumfar duka ta ɗauka. Kunya ta rufe ni, kunyar kuma ta koma fushi. Da ya ɗaga goron yana magana da yarensu, sauran suna amsawa, sai na ce a raina ban san abin da ake kira a kansa ba. Aka miƙo mini nawa ɓarin, na ƙi karɓa, na tashi na koma gindin wata bishiya.

Yaya ya biyo ni.

"Ka san abin da yake karantawa a kan goron nan?" na tambaye shi.

"Na sani, don na tambaya. Kai ka tambaya?"

Ban tambaya ba, shi ma ya sani. Ya ci gaba:

"Roƙon Ubangiji yake ya ba baƙo rai da lafiya, ya mayar da shi gidansa lami lafiya. Shi ya yi da yarensa, ni in yi bisimillata in ci. Kai ka ji tsoron addu'arsa, amma ba ka ji tsoron sa goronsa a aljihu ba."

Muka yi ta sa-in-sa har na ce masa hanya ta ɓata shi. Ya ce ni kuma zaman wuri ɗaya ya sa na zaci duniya daga Kura ta fara a Bunkure ta ƙare. Ranar ba mu ƙara magana ba.

Da yamma mai gidan ya kawo zakara da wuƙa ya miƙa wa Yaya don ya yanka da hannunsa, matarsa kuma ta dafa a sabuwar tukunya da aka ware ba a dafa komai a ciki sai abincin Yaya. Washegari da za mu tafi, mai gidan ya kama hannuna ya sa mini farin goro irin namu, wanda ya aika aka sayo a zangon Hausawa. Ya nuna aljihuna yana murmushi. Mai fassara ya ce, "Ya ce wannan na aljihu ne." Na yi godiya da baki kawai. Ban sake komawa ba Yaya yana raye.

Da ɗan masaƙin ya fara kawo kwanduna Arewa, Yaya ya share masa ɗakin gefen zaure. Na ce gidan iyali ne, bai kamata a ajiye wanda ba addininmu ɗaya ba. Yaya ya ce, "Ranar da tumatir ɗinka yake narkewa a bakin titi, ubansa bai tambaye ni addinina ba kafin ya buɗe mini ƙofa." Duk da haka ban daina gunaguni ba. Baƙon kuwa ya zauna da mu rani bayan rani. Ya iya Hausa har da zolaya. In azumi ya same shi a nan ba ya cin abinci a gaban kowa. Ranar Lahadi ya wanke rigarsa ya tafi cocinsa ya dawo, ba wanda ya taɓa jin kansa da wani. Ni dai gaisuwa ce kawai take haɗa mu, laifin kuma nawa ne.

Da wayar hannu ta shigo, samari suka fara cewa rakiya ta kusa ƙarewa, tunda mutum yana zaune a Kadawa zai ji farashin Anacha. Yaya ya sayi tasa, amma ya ce ita farashi kawai take kawowa, ba ta nuna maka ko mai maganar ya rame. Bai daina tafiya ba sai da ƙafa ta gaza, a ranin da ya gabaci rasuwarsa.

To, bayan maganata da babban ɗansa, na hau babur na tafi kasuwar Kadawa. Na sami Mai Kwando a wata rumfa, tsakanin tsirin kwanduna, sauro ya yi masa rubutu a fuska. Muka gaisa. Na ce ya dawo gida. Ya yi ta juya wayarsa a hannu.

"Baba Ƙarami, ba maganar ɗaki ce take damuna ba. Ban gaya wa mahaifina ba."

"Har yanzu? Ga waya a hannunka."

"Ya sa an kira ni, yana tambayar amininsa. Na ce ya je gona." Ya share ido. "A wajenmu, in babban mutum ya rasu, ba a jefa wa amininsa labarin ta waya kamar farashin kaya. Mutanen gidan mamaci ne suke tashi su je, su zauna a gabansa, su faɗa da bakinsu. In ba wanda ya je, an nuna ke nan zumuncin na mutum ɗaya ne, ya tafi da abinsa. Ni ba zan iya faɗa ba. Ni ɗansa ne, ba ɗan gidanku ba."

"Me ya hana ka gaya mana tun ranar?"

"Ana roƙon mutum ya yi wannan? In ya yi, ya yi ne."

Na dawo gida ina tunani. Dama manoma sun riga sun nemi babban ɗan Yaya ya gaji rakiyar, kuma akwai lodin da zai tashi a makon. Na ce masa zan bi shi, na gaya masa dalili. Ya ce to, ba don ya gamsu ba, sai don ba ya musu da ni.

"Da wannan gwiwar taka?" in ji ƙanwarmu. "Kai da ko Madobi za ka sai ka yi wasiyya."

Matar Yaya tana cikin takaba, amma ta aiko mini da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta bayan labule. Ta ce in kai wa matar tsohon. Ba su taɓa ganin juna ba, amma sun daɗe suna aika wa juna kayan miya.

Muka tashi mu uku da direba, ni da ɗan Yaya da Mai Kwando. A wancan karon da na yi tafiyar, fushi da barci suka hana ni ganin komai. Wannan karon na buɗe ido. Bayan Kaduna na ga mata a jere a gefen titi, kowacce da ƙwarya cike da itace a kafaɗa, na ce a raina sai na gaya wa ƙanwarmu ta nemi gafarar mamaci. Na ga ƙasa tana sauya launi, bishiyoyi suna ƙara tsayi da duhu. Na ga ruwan Lakwaja, na kasa gane inda ya ƙare.

A wani gari bayan mun haye kogi, direba ya tsaya don mu yi azahar, a gaban rumfar wata mata mai gasa doya. Tana ganin ɗan Yaya ya sauko ta ƙura masa ido, don kamarsu ɗaya da mahaifinsa. Ta leƙa cikin motar, ta dawo.

"Baba Tumatir fa?" ta ce da 'yar Hausarta.

Mai Kwando ya gaya mata. Ta ajiye wuƙar hannunta, ta zauna a kan benci, ta jima. Sannan ta tashi ta shiga bayan rumfa ta fito da jarkar ruwa da wani kwali mai tsabta a naɗe. Ta ce kullum ta san lokacin tumatir ya yi sai ta tanadar masa waɗannan, don ba ya son roƙon ruwan alwala a wurin da bai sani ba. Ta ce shi ya koya mata yanka tumatir a shanya in ya yi kwantai. Muka yi salla a kan kwalin. Da za mu tafi ta naɗe mana doya mai zafi da manja, ta riƙe hannun ɗan Yaya da hannu biyu ta ce ya riƙa tsayawa.

Bayan an sayar da kaya muka shiga ƙauyen da hantsi. Tsohon yana zaune a rumfa, ya rame, idonsa ya yi rauni, amma yatsunsa suna kan wani kwando da bai gama ba. Da ɗansa ya gaya masa waɗanda suka zo, ya juyo wajenmu, ya ajiye saƙar. Na tabbata a nan ya gane. Duk da haka bai tambaya ba. Ya sa aka karɓe mu yadda suke karɓar baƙi, aka zauna, sannan ya jira.

Na gyara zama na ce, "Mun zo ne daga gidan amininka. Ni ƙaninsa ne, wannan babban ɗansa. Allah ya yi masa rasuwa, mun binne shi a garinmu. Mun zo mu gaya maka da bakinmu."

Ɗansa ya fassara. Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya tambaya ko ya sha wahala, na ce a'a. Ya tambaya ko 'ya'yansa suna kusa da shi lokacin, na ce suna nan. Ya gyaɗa kai, ya ce mun yi abin da ya dace, ya gode mana da muka taka.

Sai ya ce a kama shi ya tashi. Ya ja mu zuwa wani ɗan ɗaki a gefen gidan, wanda babu shi lokacin zuwana na farko. Ya tura ƙofar. An share shi tas. Ga gado da tabarma, ga buta a kusurwa, ga buzu a rataye. A jikin bango, wajen da ba tsakiya ba, an kafa wata ƙusa an ɗaura mata jan zare. Mai Kwando ya ce alƙibla ce, Baba ne ya nuna, mahaifinsa ya kafa don kada ya riƙa lalube duk zuwa.

Matar tsohon ta matso da ƙullin kayan miyar a ƙirjinta, tana magana tana share hawaye tana dariya. Ɗanta ya ce cewa take ta daɗe tana faɗa da mijinta a kan ɗakin nan. Mutum ya zo 'yan kwanaki a shekara, a ce ba za ta ajiye garin rogonta a ciki ba. Ko lokacin Kirsimeti da gidan yake cika, jikoki a baranda suke kwana, ɗakin a rufe.

Tsohon ya laluba ya kama hannun ɗan Yaya, ya ɗora a kan ƙofar. Ya faɗi magana kaɗan.

"Ya ce ɗakin na wanda ya rako tumatir daga gidanku ne," in ji Mai Kwando. "Ya ce yanzu kai ne."

Da azahar ta yi, ɗan Yaya ya ɗauki butar mahaifinsa ya yi alwala, ya sauke buzun, ya fuskanci ƙusar. Na bi shi a baya. Bayan mun sallame ya daɗe a zaune bai tashi ba, ni ma ban tashe shi ba.

A hanyar dawowa motar cike take da sababbin kwanduna. Mun wuce Lakwaja, rana ta yi sanyi, sai ɗan Yaya ya yi gyaran murya.

"Baffa, rumfar nan taku ta bayan gida, rufinta yana yoyo?"

"Ba ya yoyo."

"Tana da ƙofa?"

"In an sa mata, za ta samu."

"To a can zan zuba takin." Ya juya wajen Mai Kwando. "Kai kuma in mun isa ka kwaso tarkacenka daga kasuwa. Sauron Kadawa ya ci rabonsa haka."

Mai Kwando ya kalli titi, ya ce, "Dama na gaji da ciyar da su kyauta."

Yana ɗakin yanzu da nake rubutun nan, ina jin tarinsa ta bango. Ɗan Yaya kuma ya sake komawa da wani lodin, direba ya ce ya fara damunsa da tambaya.

Ya Allah, bawanka ya yi tafiya da yawa, kuma duk inda ya sauka ya bar mutanen da suke tanadar masa ruwa. Ka sauke shi a masaukin da ya fi duk waɗanda ya samu a hanya, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Mu da muke baya, in tamu tafiyar ta zo, Ka sa mu cika da imani.